Jan Ƙyallen Da Ba A Ɗaura Ba

Akwai wani makanikin injin jirgin ruwa da kowa a bakin gaɓa ke kira Mai Kunne. Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Jirgi yana can tsakiyar ruwa, ko mutanen cikinsa ba ka gama gani ba, shi zai ɗago kai daga aiki ya ce, "Wancan filoginsa ya sha hayaƙi," ko ya ce, "Wannan farfelarsa ta daki dutse." In jirgin ya iso aka duba, sai a tarar haka ɗin ne.

Rumfarsa ta kwano ce. Akwai durom biyu cike da ruwa na gwada inji, da dogon katako inda ake rataye injuna a jere, da wani benci da baƙin mai ya riga ya zame masa fenti.

Mutumin ya iya aiki, wannan babu musu. Amma fa yana da baki, kuma yana ji da kansa. In ka zo neman shawarar sayen inji, sai ka shirya shan faɗa tukuna.

"Ka auna katakon bayan jirginka? Ba ka auna ba? To ta yaya za ka san inji mai gajeriyar ƙafa kake so ko mai doguwa? Ɗora gajere a kan dogon katako ka gani, farfela ta yi ta kaɗa iska kana zaune. Kuma ɗan kwale-kwalen nan naka me zai yi da inji mai ƙarfin doki arba'in, so kake ya kife da kai? Kada ka kalli fenti, fenti ko ni zan shafa maka. Duba lambar jikinsa, ka tabbata ba a kankare ta ba. Sannan a tayar maka da shi a cikin ruwa, ka ga yana fitsari."

Fitsari a bakinsu shi ne siririn ruwan nan da inji ke fesowa ta gefe, alamar famfo na sanyaya shi. Mutane su sha faɗan, su bi shawarar, su dawo suna godiya.

Sai dai Mai Kunne yana da abin da ke cin sa a rai, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda duk gidan ke kira Auta. Shi ya koya masa aikin da hannunsa bayan rasuwar babansu, har Auta ya zama cikakken makaniki. Bahago ne, komai nasa ta hagu yake yi. Ga barkwanci, ga waƙe-waƙe yana aiki. In suna rumfa su biyu, ko ba ka da gyara sai ka so ka zauna.

Rumfar tana da wata doka tun zamanin babansu. Duk injin da aka zuƙe wa man giya, wato man da ke cikin ƙafarsa wajen farfela, sai an ɗaura jan ƙyalle a mariƙin igiyar tayarwa. In ka ga ƙyalle, kada ka ja. In babu ƙyalle, inji a shirye yake.

Wata rana wani mai jiragen haya ya kawo sabon inji dal, mai doki arba'in, a canza masa mai na farko. Mai Kunne ya kwance noti, ya zuƙe man, ya ɗauko ƙyallen zai ɗaura. Sai aka kwaɗa masa kira daga bakin ruwa, wai wani jirgi ya ƙi tashi da fasinja a ciki. Ya cusa ƙyallen a aljihu, ya ruga.

Mai injin ya dawo, ya ce yana sauri, a tayar masa ya ji. Auta ya duba, babu ƙyalle. Ya tsoma ƙafar injin a durom, ya ja igiya, ya sa giya, ya ba shi wuta.

Daga can bakin ruwa Mai Kunne ya jiyo ƙarar ta canza. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Kafin ya iso, giyar sabon inji ta riga ta cinye kanta.

Jama'a, fushi ba shi da kyau. Bai tambayi komai ba. A gaban mai injin, a gaban masunta da masu dako, ya ɗauke ƙanensa da mari.

"Sakarai kawai! Shekara nawa ina koya maka? Fice min daga rumfa, kada in ƙara ganin ƙafarka!"

Auta bai ce uffan ba. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa a kan benci, ya goge hannu da tsumma, ya fita. Kafin la'asar ya ɗauki jakarsa ya hau mota.

Da yamma Mai Kunne ya koma gida zai cire kayan aiki. Ya sa hannu a aljihu, sai ga jan ƙyalle. Ya zauna a bakin gado yana kallonsa.

Kun san abin da ya yi? Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa, ai gobe zai huce ya dawo, in ya dawo na ja shi gefe mu yi magana. Gobe ta zo, jibi ta zo, Auta bai dawo ba.

An ce an gan shi a babban birni. Mai Kunne ya je har sau biyu, ya zaga garejoji, ya dawo hannu rabbana. Daga nan ya daina tambaya, don duk wanda ya tambaya sai ya ce, "To kai me ya haɗa ku?" Shi kuwa wannan amsar ce ba ya iya bayarwa.

Kewa kuwa, Allah kaɗai Ya san irin wadda ya sha. Sai ya kama inji mai nauyi ya buɗe baki zai ce, "Auta, kama min nan," sai ya tuna. In ya ji wani abin dariya a bakin gaɓa, sai ya ji babu wanda yake so ya ba labarin sai shi. Wani lokaci ya ga bayan wani mutum a kasuwa, ya bi shi da sauri, mutumin ya juyo, ba shi ba ne. Yana son ƙanensa, yana kewarsa, kuma ya san shi ya kore shi a kan laifin da ba nasa ba.

Mahaifiyarsu, Inna, tana gidansa. Ba ta taɓa yi masa gori ba, ko sau ɗaya. Ɗakin Auta kawai ta hana a zuba kaya a ciki, duk wata sai ta sa an buɗe an share.

To a 'yan watannin nan Inna ta fara mantuwa. Takan kira surukarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Ta ci abinci, ta ce ba a ba ta ba. Wannan ne ya fi tayar wa Mai Kunne da hankali. Tsoronsa ɗaya, kada hankalin tsohuwar nan ya gama tafiya bai kawo mata ɗanta ba.

Ana nan, wata rana da hantsi, yana tsaye da wani mai hali da ya zo neman shawarar sayen injuna uku, sai ga wani tsohon masunci ya turo baro. A cikin baron akwai wani ɗan inji mai doki goma sha biyar. Fenti ya koɗe, murfi ya tsage an ɗaure shi da roba.

Tsohon ya yi sallama ya ce, "Ɗana, daga ƙetare nake. Na zo sayen komar kamun kifi, ina isowa injin ya yi zafi ya mutu. Rumfa uku na je, duk sun ce in kai wa masu sayen tsohon ƙarfe."

Mai Kunne ko kallon kirki bai yi masa ba. Ya ja tsaki ya ce, "To Baba, ai gaskiya suka gaya maka. Nan ɗin ma ba bola ba ce."

Tsohon bai ce komai ba. Ya ja baronsa gefe, ya zauna a rana a kan wani dutse, ya cire hula yana fifita da ita.

Shirun nan ne ya soki Mai Kunne. Ya taɓa yi wa wani mutum irin wannan, shi ma bai ce komai ba. Yana magana da mai halin, amma idonsa na kan tsohon. Can dai ya kasa daurewa.

"Ranka ya daɗe, ka yi min haƙuri zuwa anjima," in ji shi. Mai halin ya sha mur ya shiga motarsa.

Mai Kunne ya taka har wurin tsohon. "Baba, taso ka shigo inuwa. Ka yafe ni, bakina ne ba shi da linzami."

Ya ba shi benci da ruwan sha, ya ɗaga injin ya rataye a katako, ya kwance robar ya cire murfin.

Sai ya tsaya cak.

Waje kam tsumma ne, amma ciki tsaf. Babu noti ɗaya da aka ci wa kai. Kwalin da aka yanka aka sa a bakin kabureta ya zauna daidai kamar daga kamfani. Ya dubi wayar da aka ɗaure tiyon mai da ita, an murɗa ta ta hagu. Ya dubi ta biyu, ita ma ta hagu.

Ya jawo mariƙin igiyar tayarwa ya duba ƙullin. Ƙullin babansu ne, wanda ake zagayawa sau biyu a soke bakin a ƙasa. Mutum biyu kaɗai babansu ya bar wa shi a duniya, ɗaya ya koya wa ɗaya. Wannan kuwa a juye yake, yadda bahago kaɗai zai yi shi.

Ya juyo wajen tsohon. "Baba, wa ke taɓa maka injin nan?"

"Bahago mana, mai gyaranmu na can. Ba don shi ba ai da tuni na koma tuƙi da filafili."

"Ɗan garinku ne?"

"A'a, baƙo ne. Ya kai shekara goma a wurinmu, har mun ba shi mata, 'ya'yansa biyu. Mutumin kirki, sai dai ba ya son a tambaye shi gida. Ka tambaye shi, sai ya kama wani zancen."

Tsohon ya kurɓi ruwa, ya yi 'yar dariya. "Yana da wata ɗabi'a da muke tsokanarsa da ita. Ba ya taɓa jan igiyar inji sai ya kwance notin ƙasa ya ga man giya da idonsa. Ko shi ya zuba man yanzun nan, sai ya sake dubawa. Mukan ce, Bahago, ko kanka ba ka yarda da shi ba? Sai ya ce an taɓa koya masa karatun da wuya."

Mai Kunne ya juya baya kamar yana neman sifana. Ba sifana yake nema ba, hawaye ne suka zubo masa.

Ya yi aikin nan kamar na sarki. Ya sauke ƙafar injin, ya tarar robar famfo ta ƙone ta farfashe. Ya sa sabuwa, ya zura siririyar waya ya buɗe hanyar ruwan da ta toshe, ya wanke filogi. Ya tsoma shi a durom, ja ɗaya ya tashi, fitsari na fita ƙarfi-ƙarfi.

Tsohon ya kai hannu aljihu. Mai Kunne ya riƙe hannun.

"Bar shi, Baba. Abu ɗaya nake roƙo. In za ka koma, ka tafi da ni."

A gida bai gaya wa Inna ba, don kada ya sa mata rai a banza. Matarsa ya kira ɗaki, ya ba ta labarin tun daga ranar marin har abin da ya tarar a aljihunsa. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa ji.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya kana ɗauke da wannan kai kaɗai? To ka ji, in za ka tafi, ka bar bakin nan naka na rumfa a rumfa. Ka tafi da na ba da haƙuri."

Washegari da sassafe suka kama ruwa. Awa biyar ce tafiyar. Awa biyar kacal, jama'a! Yana can yana zaga birni, ashe ƙanensa na nan bayan ruwan da yake kallo kullum. Duk hanya yana shirya maganar da zai yi, ya shirya ya rushe.

Suka isa rana ta take. Tsohon ya nuna masa wata 'yar rumfa a ƙarƙashin bishiya. Wani mutum ne sunkuye a kan durom, ya ba su baya. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara fito masa a ƙeya.

Mai Kunne ya yi sallama. Mutumin ya tsaya da aikin, amma bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo, suka kalli juna.

"Yaya," in ji Auta.

Ya jawo benci ya kakkaɓe, ya kawo ruwa, ya gaishe shi da hanya kamar yadda ake gaida kowane baƙo. Wannan ladabin ya fi wa Mai Kunne zagi ciwo. Bai zauna a bencin ba. Ya durƙusa a ƙasa, cikin baƙin mai da yashi.

"Subhanallahi! Yaya, tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. A gaban mutane na mare ka, a gaban mutane zan faɗa. Auta, ba laifinka ba ne. Ni ne ban ɗaura ƙyallen ba. Yana aljihuna. Tun ranar da yamma na gani, girman kai ya hana ni magana. Ka yafe ni don Allah."

Auta ya murza tsumma a hannu. Can ya ce, "Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Lokacin da ka ɗaga hannu, na ga bakinsa ya leƙo daga aljihunka."

"To me ya hana ka faɗa?"

"A gaban mai injin? A gaban masu dako? Kai ne babba, sunanka ne rumfar. In na faɗa, wa zai ƙara yarda da kai? Na ce bari in tafi, in ka gani da kanka za ka aiko a kira ni." "Na yi shekara ɗaya a birni, na kasa zama nesa da ruwan nan, na dawo nan. Duk jirgin da ya taso daga wajenku sai na ɗaga kai na duba. Kullum, Yaya. Ni ma da nawa laifin, na yi taurin kai. Amma na jira ka."

Nan Mai Kunne ya fashe da kuka, babban mutum da shi. Auta ya kama shi ya ɗaga, suka rungume juna. Tsohon masunci na gefe riƙe da baki.

Da suka natsu, Auta ya ce, "Inna fa?"

"Tana nan da rai. Amma ta fara mantuwa, Auta. Mu yi sauri."

Washegari suka taso. La'asar ta yi suka shiga gida. Inna na ɗakinta a kan tabarma, ta jingina da bango, an buɗe mata taga. Auta ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa a gabanta. Mai Kunne ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ina wuni. Ni ne. Na dawo."

Ta ɗago ta dube shi da kyau. Ta dubi furfurarsa, ta dubi gemunsa. Sai ta yi murmushi irin na karɓar baƙo.

"Lale, lale. Sannu da zuwa, bawan Allah. Daga nesa kake?"

"Inna, Auta ne. Autanki."

"Ayya, ka san Autana?" Ta matso, ta kama hannunsa da hannu biyu. "Saurayi ne, siriri, mai yawan dariya. Yana lafiya?"

Auta ya dafa hannunta. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Inna."

"Alhamdulillahi. To in ka koma, don Allah ka ce masa ya zo gida." Ta rage murya kamar mai faɗin sirri. "Ba don ni ba, ni na iya haƙuri. Don yayansa. Yaron nan ba ya faɗin abin da ke ransa, amma ni na haife shi. Kewar ƙanensa za ta kashe shi."

Mai Kunne ya sulale a jikin ƙofa ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu.

Auta ya kwaso iyalinsa ya dawo, rumfa ta koma ta mutum biyu. Inna ta ƙara wata huɗu a duniya. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke gyara mata shimfiɗa. Kullum tana sa masa albarka, tana cewa ba ta taɓa ganin baƙo mai kirki irinsa ba. Har ranar da ta cika, ba ta san ɗanta ne ke riƙe da hannunta ba.

Darasi: In ka gane kai ne da laifi, ka faɗa a ranar, kada ka ce sai gobe. Mai Kunne ya samu ƙanensa ta dalilin tsohon da ya kusa wulaƙantawa, don haka kada ka raina kowa. Amma shekarun da girman kai ya cinye ba su dawo ba, kuma uwarsu ce ta fi kowa asara. In akwai wanda ka san yana jiran "yi haƙuri" daga bakinka, neme shi yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani na can yana jiran a kira shi.